Gidan hutun ma'aikatan ikilisiya da ke hanyar Mirya: abin da na tarar

Gidan ba shi da allo a ƙofa, ni ma ba zan rubuta sunan masu shi a nan ba. Duk Kiristan da ya zauna a Damagaram ya san abin da ya sa muke taka-tsantsan da irin wannan. Mai bukata ya tambayi fastonsa ko shugabar Zumuntar Mata ta majami'arsu, za a haɗa shi da su.

Wani tsohon fasto ne da ya ajiye aiki, shi da maiɗakinsa wadda ta yi shekaru tana aikin jinya a likita, suka gyara ɗakuna huɗu a cikin garkarsu, suka keɓe su domin masu hidimar ikilisiya da gajiya ta ci ƙarfinsu. Kowa Baba da Mama yake ce musu. Idan ka fita gari ka ɗauki hanyar Mirya, wadda ba ta kai kilomita 20 ba, kafin ka shiga garin za ka saki kwalta ka bi rairayi kaɗan, sai ka hango katangar laka, mangwaro da dabino sun leƙo ta samanta. Suna karɓar baƙi daga Litinin zuwa Alhamis, don kada zuwan ya hana kowa sujadar Lahadi. Kwana da ci, jika uku ne a rana. Ɗan kabu-kabu zai kai ka, amma ku daidaita tun daga gari cewa har ƙofar gida ne, domin wasunsu da sun ga rairayi sai su ce iyakarsu ke nan.

Gidan ya cancanci kuɗinsa har da ƙari. Yana da nasa kurakuran, zan kawo su, ɗaya daga ciki ma babba ne. Amma ina so a fara fahimtar irin mutanen da aka buɗe shi dominsu, in ba haka ba wani zai ɗauka wurin shaƙatawa ne na masu kuɗi.

Ni malamar lakwal ce, ina koyar da 'yan firamare. A majami'armu kuma ni ce nake riƙe da makarantar Lahadi, ni ce tafinta idan mai wa'azi ya yi da Faransanci, ni ce ma'ajin Zumuntar Mata, kuma idan an yi rasuwa ko suna ko baƙi sun zo taro, tukunyar girki a ƙofata take sauka. Ba don na fi kowa ba ne. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya san ikilisiyoyin garin nan. Ƙidayar 2012 ta nuna Kiristoci a Nijar ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, mu na Damagaram kuma 'yan kaɗan ne cikin kaɗan ɗin. Masu cika kujerunmu ranar Lahadi yawancinsu baƙi ne: ma'aikatan gwamnati da aka turo, sojoji da jandarmomi, ɗaliban Jami'ar André Salifou, masu aiki a matatar mai ta SORAZ, da masu sana'a daga Najeriya da Benin da Togo. Mutanen kirki ne, suna ba da baiko, suna waƙa da zuciya ɗaya. Sai dai ka koya wa saurayi kiɗan piyano ko ka horar da yarinya ta iya riƙe ajin yara, tana fara ƙwarewa sai takardar canjin wurin aiki ta fito, ko karatu ya ƙare, a yi musu addu'ar sallama su tafi Yamai ko Agadas. Aikin ya dawo kan 'yan gida, mu da ba mu da inda za mu. Bishara ba baƙuwa ba ce a garin nan, domin a nan mishan na SIM suka fara aiki a ƙasar Nijar a 1924, tun Damagaram tana hedkwatar mulkin mallaka, kafin a mayar da ita Yamai a 1926. Shekara ɗari ke nan, amma har yau idan ka ƙirga masu ɗaukar nauyin majami'a ɗaya ba za ka gama yatsun hannu biyu ba.

Sannan akwai ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, da aka ƙona majami'u a garin nan saboda zanen da wata jaridar Faransa ta buga, washegari wutar ta kama Yamai, mutum goma suka rasu a biranen biyu. Da yawa daga cikinmu a barikin soja suka kwana. Wasu kuma maƙwabta Musulmi ne suka ɓoye su a ɗakunansu, wannan alherin ba za mu manta da shi ba har abada. Bayan abin ya lafa, iyalai da dama sun tattara sun bar garin, ba su dawo ba. Waɗanda suka rage su ne suka kwashe toka, suka tara kuɗin kwano da kujeru, suka lallashi yara masu firgita da dare, kuma su ne dai har yau suke shara da tafinta da ziyara. Ba wanda ya taɓa zaunar da su ya tambaye su yadda suke ji a jikinsu.

Ka haɗa wannan da rayuwar Damagaram ta kullum. Garin a kan dutse yake zaune, ruwan famfo daga nesa ake turo shi, daga Arunguza da Gogo da Ganaram, idan bazara ta yi sai mace ta tashi ƙarfe biyun dare ta jera bidoji a bakin famfo, ko ta jira mai garuwa da tsadarsa. A Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40. Lokacin da Najeriya ta yanke mana wutar lantarki bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, har zuwa ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, barcin dare ya zama abin nema. Da wannan jikin ake zuwa gwajin waƙa ranar Asabar, da shi ake tsayuwar kwanan addu'a.

Yadda abin ya kama ni ba da ciwo ya zo ba. Ina tsaye gefen mai wa'azi ina juya magana zuwa Hausa, bakina yana aiki daidai, ba na rasa kalma, amma idan aka tashi ba zan iya faɗa maka abu ɗaya da aka yi wa'azi a kai ba. Wayata tana ƙara, na ga sunan wata 'yar'uwa a ikilisiya, sai gabana ya faɗi. Yaran makarantar Lahadi da nake ƙauna kamar na cikina, hayaniyarsu ta koma tana sara mini kai. Na buɗe Littafi Mai Tsarki da asuba, sai na tarar darasin da zan koyar nake nema, ba abin da zan ci ni kaina ba. Da na ɗan gutsura wa wasu, amsar da na samu ɗaya ce: ki ƙara addu'a, ki yi azumi, kada mu gaji da yin nagarta. Ayar gaskiya ce, Galatiyawa 6:9 ce, na haddace ta tun ina yarinya. Amma wanda ya miƙa ta ga mai hidimar da barci bai ishe ta ba, sannan ya ƙara mata da wani taron ranar Laraba, bai taimake ta ba.

Abin da ya fara burge ni a gidan shi ne, ba da wa'azi aka tarbe ni ba. Mama ce ta fito, ta karɓi jakata, ta zaunar da ni a tabarma ƙarƙashin rumfa, ta ɗebo mini ruwa daga randar Mirya mai sanyi. Bayan gaisuwa ta ɗauko abin awon jini ta ɗaura mini a dantse, ta ja fatar idona ta duba, ta ce in nuna mata tafin hannu. Ta tambaye ni ƙarfe nawa nake kwanciya, ƙarfe nawa nake tashi, yaushe rabona da zazzaɓi, ko ina yawan jin ƙishirwa da fitsarin dare, ko al'adata tana zuwa da yawa. Ta rubuta komai a wani tsohon littafin rajista.

"Ɗiyata," in ji ta, "kafin mu ce Shaiɗan ne, bari mu ga ko jini ne ya yi ƙasa."

Wannan awon kaɗai ya isa dalilin zuwa. Ta bayyana mini cewa ƙarancin jini, hawan jini, ciwon suga da zazzaɓin cizon sauro da bai gama fita ba, duk suna zuwa da kasalar da mutum zai ɗauka sanyin bangaskiya ne. Wanda ta ga alamar ɗaya daga cikin waɗannan, ba ta ba shi magani, takarda take rubuta masa ya je likita a yi masa gwaji. Haka ma wanda ta lura baƙin cikinsa ya wuce gajiya, ba ya cin abinci, ba ya son rai, ba ta ɓoye masa cewa ciwon damuwa ciwo ne kuma yana da masu duba shi. Daga bakinta na ji cewa a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin wannan gajiyar a kundinta, a matsayin abin da matsin aiki yake haifarwa idan ya daɗe ba a magance shi ba, ta kuma ba shi alamomi uku: ƙarfi ya ƙare, mutum ya janye zuciyarsa daga aikin ko ya riƙa jin haushinsa, aikin kansa kuma ya rage kyau. Tana lissafawa ina jin kamar labarina take karantawa.

Daga nan ta miƙo kwanon sha mai murfi ta ce in saka wayata. Doka ce ta gidan. Ana ba ka ita bayan tuwon dare ka kira gida, sannan ta koma kwano. Iyalinka suna da lambar Baba idan wani abu ya taso. Na ga wani saurayi mai kiɗa a ƙungiyar mawaƙa ya yi ta gardama a kan wannan, wai ba a iya gwaji sai da shi. Mama ba ta ɗaga murya ba, ta dai riƙe kwanon a gabansa har ya saka.

Ranar farko ba a tsara komai ba. Babu ƙararrawa, babu sujadar asuba ta dole, babu darasi. Ka ci, ka kwanta. Ɗakunan na laka ne da aka shafe da siminti, rufin azara, shi ya sa suke da sanyi fiye da ɗakunan kwano na cikin gari. Gado ɗaya, katifa mai ɗan tauri amma tsaf, tebur ƙarami, fitila da fanka masu aiki da hasken rana. Fankar tana kai wa tsakar dare kafin batir ya yi sanyi. Ruwan wanka daga rijiyar garka yake, ba a auna maka shi. Ga mutumin Damagaram, ya cika bokiti ya yi wanka ba tare da lissafin na gobe ba, wannan kansa hutu ne.

Abinci na gida ne, ba a yi masa ado ba, amma hannun Mama yana da daɗi. Da safe kunun tsamiya da ƙosai ko waina. Da rana fura da nonon da wata Bafulatana take kawowa, wani lokaci dambu da zogale da ƙuli-ƙuli. Da dare tuwon hatsi da miyar kuka ko ta kuɓewa, da ɗan nama. Salati da tumatir daga garka ake tsinko su. Ba a barin baƙo ya shiga madafa. Na miƙe zan kwashe kwanuka, Mama ta dafa kafaɗata ta mayar da ni zaune. Mace irina da ta saba ci a tsaye bayan kowa ya ƙoshi, sai da na ji hawaye ya taru mini.

Baba ba ya yawan magana. Da la'asar sakaliya yakan fito da kujerarsa ƙarƙashin mangwaro da tsohon Littafinsa, fassarar 1979, wanda bangonsa ya sha ɗinki, wanda yake so ya zo ya zauna. Sura ɗaya yake karantawa duk mako, ga kowane rukunin baƙi: 1 Sarakuna 19. Annabi Iliya ya gama babban aiki a Dutsen Karmel, sarauniya Yezebel ta aiko masa da barazana, ya gudu har Biyer-sheba, ya bar baransa a can, ya shiga jeji tafiyar yini guda, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Baba yana karantawa a hankali, yana tsayawa. Da ya kai inda mala'ika ya taɓa Iliya ya ce ya tashi ya ci, ga gurasa a kan garwashi ga tulun ruwa, sai ya rufe Littafin a kan yatsansa ya dube mu.

"Me Allah ya fara yi wa annabinsa? Ya tsauta masa? Ya ce ina bangaskiyarka? Abinci ya ba shi, ya bar shi ya koma barci. Ya sake tashe shi ya sake ba shi abinci, ya ce tafiyar ta fi ƙarfinka. Magana sai daga baya, a Dutsen Horeb."

Sannan ya nuna mana abin da ban taɓa tsayawa a kai ba duk da na koya wa yara labarin. Iliya ya ce shi kaɗai ya rage. Allah ya ce masa akwai mutum dubu bakwai da ba su durƙusa wa gunkin Ba'al ba, kuma ya aike shi ya shafe Elisha ya zama magajinsa. Allah bai sallami Iliya daga aiki ba, ya mayar da shi bakin aiki, amma ba shi kaɗai ba. Baba ya ce yawancin waɗanda suke zuwa gidan da maganar Iliya suke zuwa, cewa in ba su ba aikin zai tsaya, kuma rabin maganar gaskiya ce, shi ya sa take da wuyar cirewa.

Zuciyar hidimar gidan ita ce zaman da kake yi da shi kai kaɗai. Ya ba ni takarda da biro ya ce in rubuta duk abin da nake yi wa ikilisiya cikin mako, kada in raina komai, har da sayen alli da wankin labulen bagade. Takardar ta cika gaba da baya. Ya sa tabarau ya bi ta layi-layi, kowane layi tambayarsa ɗaya ce.

"Wannan wa ya ɗora miki?"

Na ce, "Baba, ba wanda ya ɗora mini. Mai yi ce ta tafi, na ga ba kowa."

"Wannan fa?"

"Shi ma haka."

"To wanne ne idan aka karɓe miki za ki yi kuka?"

Ban yi dogon tunani ba na ce yaran makarantar Lahadi. Ya zagaye wannan layin da biro. Ya ce wannan shi ne kiranki, sauran gadon waɗanda suka tafi ne, kin riƙe musu amana, Allah ya saka miki, amma amana ana mayar da ita. Ya tuna mini da Yetro, surukin Musa, da ya ga Musa yana shari'a tun safe har yamma ya ce masa abin da yake yi ba daidai ba ne, zai gajiyar da kansa da jama'ar duka, ya zaɓi amintattu su raba nauyin. Ya tuna mini manzanni da kansu sun sa jama'a su zaɓi mutum bakwai su kula da rabon abincin gwauraye, a Ayyukan Manzanni sura 6. Sai ya ce in rubuta suna a gaban kowane layi, sunan wanda zai iya ɗauka ko da ba zai yi shi da kyau kamar ni ba. A nan na fi daɗewa. Na ce masa ɗalibar da zan ba tafinta shekara biyu ta rage mata ta tafi. Ya ce to ikilisiya ta sami tafinta na shekara biyu, wata ikilisiyar kuma a wani gari za ta sami wadda ta riga ta iya, ina asarar take?

Da muka taso ya ratsa da ni ta bakin rijiyar garka, inda mai ban-ruwa ya gama aikin safe. Ya ce in leƙa. Ruwan ya ja ƙasa sosai, ya yi laka-laka. Ya ce rijiyar nan ba ta taɓa ƙafewa ba, amma idan aka ɗebe ta da safe dole a bar ta ta tara kafin yamma, wanda ya nace da zura guga laka zai fitar, kuma ba laifin rijiyar ba ne. Bai ƙara komai a kai ba, ya wuce wajen tumakinsa.

Ina ganin abin da ya sa maganarsa take shiga shi ne bai taɓa ce wa kowa ya bar hidima ba. Akwai wani mai bishara daga wani ƙauye ta wajen Magarya da muka tarar, ya zo da niyyar ajiye aikin gaba ɗaya ya tafi ci-rani. Shekara da shekaru yana noma da rana, yana wa'azi ga mutanen da ba su cika tabarma biyu ba, ɗan abin da ake ba shi ba ya kai tsakiyar wata. Baba bai ce masa ya yi haƙuri kawai ba. Sun zauna sun yi lissafin hatsin da ya girbe da bakin da yake ciyarwa, Baba ya rubuta wasiƙa da hannunsa zuwa ga shugabannin da suka tura shi. Mutumin ya koma ƙauyensa. Aminci a wurin Baba shi ne a same ka a bakin aikin bayan shekara ashirin, da lafiyarka, da iyalinka, da zuciyar da har yanzu take son mutanen. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Na ga masu himma da yawa da suka ƙone cikin shekara uku, yau ko sujada ba sa zuwa, kuma mu da muka yi ta tafa musu muna ƙara musu kaya muna da alhaki a ciki.

Yanzu kurakuran.

Kunnen Baba ya yi nauyi, sai ka ɗaga murya yake ji, kuma wurin zaman bai yi nisa da tagogin ɗakuna ba. A al'umma ƙarama irin tamu, inda baƙon ɗakin kusa wataƙila surukin dattijon majami'arku ne, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai maganar da na haɗiye saboda haka. Su mayar da zaman can ƙarshen garka, kujera biyu kawai ake bukata.

Ba sa karɓar yara. Na fahimci dalili, hutu da kukan jariri ba sa haɗuwa. Amma wannan dokar ta rufe ƙofa ga waɗanda suka fi kowa bukata, wato matan fastoci masu goyo, waɗanda gidansu ne masaukin kowane baƙo, su ne ba su da albashi, su ne ba a taɓa yi wa godiya daga bagade. Ko mako ɗaya ne a wata a ware musu, a nemo yarinyar da za ta riƙe yaran da rana. Makewayi ɗaya ne na mata ɗaya na maza, da safe ana ɗan jira. Gidan sauron da na tarar a ɗakina yana da huji biyu, garka kuwa ba ta rabuwa da sauro. Jika uku kuma, ko da yake bai kai kuɗin abincin da ake ci ba, ga mai bisharar ƙauye kuɗi ne mai yawa idan aka haɗa da na mota. Na ji Baba yakan yafe wa wasu, amma mai kunya ba zai tambaya ba, sai ya ƙi zuwa.

Babban kuskuren shi ne abin da yake biyo bayan Alhamis. Kana fitowa da takardarka da sunaye a kai, ka koma wurin mutanen da suka saba kai ne mai yi. Gidan ba ya bibiya. Ba wanda zai kira bayan wata ɗaya ya ji ko an karɓi kayan. Da na kai takardata gaban dattawa, wani ya ce to yanzu kowa ya gaji sai ya kawo takarda? Wata 'yar'uwa ta daina gaishe ni da fara'a saboda na ce ba zan ƙara riƙe kuɗin Zumunta ba. Fastonmu ne, Allah ya yi masa albarka, ya tsaya ya ce a gwada. Yau ɗalibar nan ce take tafinta Lahadi biyu a wata, tana tuntuɓe a wasu kalmomin, jama'a suna taya ta daga kujeru, ba abin da ya lalace. Kuɗin Zumunta yana hannun wata matar soja mai iya lissafi fiye da ni. Girkin taro an raba shi gida-gida. Ni ina tare da yarana, kuma na dawo ina jin wa'azi. Amma na san wata da ta je gidan kafin ni, ta dawo da tata takardar, ba ta sami mai tsaya mata ba, cikin wata biyu komai ya koma kanta. Da Baba zai riƙa kiran faston kowane baƙo, tsoho ne da ake jin nauyinsa, kalma ɗaya daga bakinsa za ta yi abin da takarda ba za ta yi ba. Na faɗa masa wannan da bakina, ya ce zai duba.

Ga shugabannin ikilisiyoyi kuma, bai kamata mai hidima ya biya wannan kuɗin daga aljihunsa ba. Majami'ar da take iya sayen sabon lasifika tana iya ware jika goma sha biyu a shekara ta tura mutum ɗaya, ta fara da wanda ya fi daɗewa bai ce a'a ba. Kada a jira sai ya faɗi. Yesu da kansa, a Markus 6:31, shi ya ce wa almajiransa su zo waje ɗaya su ɗan huta, domin masu kai da komo sun yi yawa har ba su sami damar cin abinci ba. Ba su suka roƙa ba, shi ya lura.

Wanda zai je, lokacin ɗari ya fi, musamman bayan hidimar Kirsimeti da sabuwar shekara, sai dai a lokacin ne kowa yake nema, ɗaki huɗu ne kawai, don haka a yi magana tun Nuwamba. A bazara ma suna buɗe, amma bayan fanka ta tsaya sai an fito da katifa waje. Ka tafi da gidan sauronka, da bargo idan da sanyi, da magungunan da kake sha, da katin likita idan kana da shi, Mama za ta tambaya. Kuma kafin ka tafi ka gaya wa fastonka cewa za ka dawo da takarda, ka roƙe shi ya sa ranar da za ku zauna a kanta tare da dattawa.